Zancen Asusu: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na Arlit da na Akokan da duk inda wannan takarda ta iske ku.  

Na yi muku alkawarin ci gaba da zancen rubuta bashi a kaye. Ku yi mini haƙuri, sai wata mai zuwa, domin wani abu ya faru a ƙungiyarmu wanda na tabbata zai iske wasunku, in ma bai riga ya iske ku ba.

Ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, dattijuwarmu da duk muke ce wa Inna ta kwance salula daga bakin zane. Ɗanta da ke Yamai ya aiko mata hoto ta WhatsApp: wani koren layi ne, ya taso daga ƙasa ta hagu, ya yi ta hawa har ya kai sama ta dama. Sai kuma saƙon murya. Ya ce wannan tarihin farashin hannun jarin wani asusu ne na ƙasar waje da ke zuba kuɗi cikin kamfanonin magani da kayan likita. Ya ce tun da mutane ba za su daina ciwo ba, wannan jari ba ya faɗuwa. Ya ce ya san wani mutum da ke karɓar kuɗi yana saya wa jama'a, in muka ba da jika 300 daga akwati, kafin ranar rabo za su dawo da ƴaƴansu.

Nan take taro ya rabu. Wasu suka ce a aika tun ba a rufe ƙofa ba, wasu suka ce sam. Mijin Inna yana cikin waɗanda aikinsu ya ƙare da aka rufe COMINAK, kuma mun san yadda take fama da gida. Ta dube ni ta ce, "Ƴar nan, ke kika yi yaƙi da jahilci, duba mana." Na ce, "Inna, karatun harufa na iya, wannan layin ban taɓa karanta irinsa ba. Ki ba ni sati guda." Na je wajen wani maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aikin kwantabul, muka zauna yamma uku da fensir da takarda. Abin da na samo shi ne na kawo muku.

Mene ne farashin hannu?

Kada kalmomin su razana ku, mun riga mun san abin. Tun 1991, da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE, matan Nijar ke yin wannan lissafi a kan tabarma, har wasu ƙasashe suka kwaikwaye mu.

Mu ɗauki misali. Hannu ɗaya dala ɗari ne, wato tamma 500. A shekara ƙungiya ta zuba hannu 1,000, ya zama jika 500. Ranar rabo aka ƙirga aka iske jika 600, saboda an sayi gero da kaka an sayar da bazara. Aka raba jika 600 gida 1,000, kowane hannu ya tashi tamma 600. In kuwa an ci bashi ba a biya ba, ko ƙwari sun ɓata hatsi, aka iske jika 450, to hannu ya koma tamma 450.

Asusun zuba jari na Turawa haka yake, girma kawai ya fi namu. Mutane dubu-dubu suna zubi, masu riƙon asusun suna sayen hannun jarin kamfanoni da kuɗin. Kowace ranar kasuwa da yamma sai su ƙiyasta darajar duk abin da suka mallaka, su cire abin da ake bin su, su raba da yawan hannuwa. Abin da ya fito shi ne farashin ranar. Mu sau ɗaya muke yi a shekara, su kullum. In aka jera farashin ranakun nan aka haɗa su da layi, shi ne hoton da ke cikin salular Inna. Irin waɗannan asusai na fannin lafiya akwai su da gaske. Ɗaya daga cikin sanannu na kamfanin T. Rowe Price ne a birnin Baltimore na Amurka, an buɗe shi ƙarshen 1995. To ga tambayoyin da za ki yi wa duk wanda ya nuna miki irin wannan layi.

Tambaya ta farko: daga ina layin ya fara, ina ya tsaya?

Mai hoto shi ke zaɓen inda zai yanke. Mu ƴan Arlit bai kamata a ruɗe mu da wannan ba, don mun ga layi irinsa ya bi ta cikin gidajenmu. Ku duba farashin uraniyum a kasuwar duniya. Da laba ake auna shi, ƙasa kaɗan da rabin kilo, kuma da dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A 2003 laba ɗaya tana wajen dala 11. A tsakiyar 2007 ta kai wajen dala 136. Da wani ya yanko miki hoton shekarun nan huɗu kawai, sai ki rantse babu abin da zai sauko da shi. A 2009 aka ɗora tubalin aikin Imuraren, samari suka yi ta zuwa neman aiki, masu tuwo-tuwo da masu ɗakin haya suka faɗaɗa. A watan Maris na 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar lantarki ta nukiliya a Fukushima, ƙasar Japan, masu saye suka ja da baya. A 2014 aka dakatar da aikin Imuraren. Ƙarshen 2016 laba ta sauko wajen dala 18. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe a Akokan, bayan ta yi haƙa tun 1978, saboda ma'adinin wurin ya ƙare kuma farashi bai kai a ci gaba ba. Sai ga shi a watan Janairu na 2024 laba ta sake haura dala 100. Abu ɗaya ne ake sayarwa, amma wanda ya nuna miki 2003 zuwa 2007 da wanda ya nuna miki 2007 zuwa 2016 labari biyu za su ba ki, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Fannin magani ma haka ne. Kamfanin Moderna na Amurka, mai allurar rigakafin korona, hannun jarinsa yana wajen dala 20 a farkon 2020. A watan Agusta na 2021 ya kai wajen dala 480. Ƙarshen 2024 ya dawo ƙasa da dala 50. Wadda ta saya da wuri ta sayar a sama ta yi arziki. Wadda ta ga hoton hawan, ta saya a sama, ta riƙe, da ƙyar kashi ɗaya cikin goma ya rage mata. Ku lura kuma, sai layi ya yi sama sosai ne ake yawo da hotonsa.

Da muka duba ƙasan hoton Inna da kyau, wata goma sha takwas kawai ya nuna. Saboda haka ki ce a nuna miki shekara goma ko fiye, ki nemi inda layin ya faɗi mafi zurfi, ki ƙirga watannin da ya yi kafin ya dawo inda yake. Sannan ki tambayi kanki: da kuɗin ƙungiya na ciki a watannin nan, da me za mu yi rabo?

Tambaya ta biyu: in ya faɗi, nawa zai hau kafin in dawo da uwar kuɗina?

Nan na sha mamaki, sai da na ƙirga da duwatsu. Kin zuba jika 100. Farashi ya faɗi da rabi, saura jika 50. Shekara ta zagayo aka ce miki ya hau da rabi. Za ki ce an yi kunnen doki ko? A'a. Rabin 50 shi ne 25, kina da jika 75. Sai ya ninka kansa cif kafin ki koma 100. Don haka in an jera miki lambobi, bara ya sauka kashi 30 cikin ɗari, bana ya hau kashi 30, kada ki ce an biya ki. Jika 100 ta koma 70, ta hau zuwa 91, jika 9 na nan a waje.

Tambaya ta uku: an lissafa da rabon riba ko ba a lissafa ba?

Koma ga misalinmu. Hannu ya kai tamma 600, muka ce kowa ta ɗauki ribarta ta tamma 100, a bar uwar kuɗi a akwati. Washegari kaye zai nuna hannu 500. Baƙuwar da ta buɗe kaye ta ga 600 jiya, 500 yau, sai ta ce mun yi asara, alhali ribar tana ɗaure a bakin zanenmu. Asusan Amurka ma suna rabo, galibi a watan Disamba, kuma ranar da aka raba farashin hannu yana sauka daidai abin da aka raba. Shi ya sa ake da layi iri biyu: na farashi tsurarsa, da wanda aka lissafa kamar an mayar da kowane rabo cikin asusu. Na biyun kullum ya fi tsawo. In za ki gwada asusu biyu, ki tabbata irin layi ɗaya aka nuna miki a kowanne. In kuwa mai tallar bai san wane iri ke hannunsa ba, to bai san abin da yake sayarwa ba.

Tambaya ta huɗu: da wane kuɗi aka rubuta farashin?

Mu da sefa muke zubi, da sefa muke cefane. Sefa tana ɗaure da yuro, yuro ɗaya tamma 655.957, wannan ba ya motsi. Dalar Amurka kuwa tana hawa tana sauka. A tsakiyar 2008 dala ɗaya tana wajen tamma 420, a Satumba 2022 ta haura 670. Kenan asusu yana iya hawa a lissafin dala, ke kuma in an juya miki zuwa sefa ki iske bai ƙaru ba, ko ya ragu. Yana iya zuwa da akasin haka ma. Manyanmu suna tuna Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, faran na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100. Ina yarinya lokacin, amma ban manta yadda uwata ta dawo daga farmasi hannu wofi ba.

Ki haɗa da tsadar kaya. In hannu ya tashi daga 500 zuwa 530 amma tiyar gero ta ƙaru fiye da haka, lambar ce ta girma, tukunyar ta ragu. Mu da kusan duk abincinmu a mota yake zuwa daga kudu ko daga Aljeriya mun fi kowa sanin wannan.

Tambaya ta biyar: wa ke cin lada, kuma nawa?

Masu riƙon asusu ba don Allah suke yi ba, kowace shekara suna cire ladansu ko an ci riba ko an faɗi. Wannan galibi an riga an cire shi kafin a rubuta farashi. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne kuɗin shiga da na fita in akwai, da kuɗin aikawa, da na canji, da ladan dillali. Misali, in dillali na cire kashi 2 cikin ɗari a shekara, jika 6 kenan daga jika 300, kowace shekara. Ki ce a rubuta miki duka a takarda, da sefa.

Me ya sa jarin magani ke faɗuwa alhali ciwo bai ƙare ba?

Wannan ita ce hujjar ɗan Inna, kuma ta kama hankalin mata da yawa. Gaskiya ne ciwo ba ya ƙarewa. Yunwa ma ba ta ƙarewa, amma mun ga masu sayar da abinci da suka karye. Sabon magani yakan ɗauki shekara goma ko fiye ana gwaji kafin a yarda a sayar da shi, kuma cikin goma da aka fara gwadawa a jikin mutane wajen tara ba sa kai labari. Ranar da aka ce gwaji ya faɗi, farashin ƙaramin kamfani yana iya zubewa da rabi kafin magariba. Wanda ya yi nasara kuma doka ta ba shi shekara 20 daga ranar rajista, babu mai yin irin maganinsa, kuma shekarun gwaji sun riga sun cinye wasu daga ciki. In sun cika, kowa na iya yi, farashi ya karye. Shi ne maganin jenerik da muke saya da sauƙi a likita. Abin da ya zama rahama gare mu, ragin riba ne ga mai hannun jari. Gwamnatocin ƙasashensu ma sukan sa baki a rage kuɗin magani, farashin jari ya girgiza.

Amfanin asusu shi ne yana rarraba kuɗin cikin kamfanoni da yawa, kamar yadda ba mu ba mace ɗaya duk abin da ke akwati. In ɗaya ya faɗi, saura su tare. To amma duka sana'arsu ɗaya. Kamar ƙungiyar da duk mazan membobinta a kamfani ɗaya suke aiki ce: ranar da aka rufe ƙofa, kowa a rana ɗaya za ta kasa biya. Ƴan Akokan ba sai na yi muku bayani ba.

Tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi duka: hannun wa kuɗin zai shiga?

Hoto yana iya zama gaskiya, mai nuna shi ya zama maƙaryaci. Kowa na iya ɗauko tarihin asusu na gaske daga intanet ya manna lambar salularsa a ƙasa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Najeriya an yi MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Na farko-farko sun samu, suka jawo ƴan uwansu, a watan Disamba 2016 aka daskarar da kuɗin mutane. Kuɗin sababbin shiga ne ake biyan tsofaffi da shi. Alamarsa ita ce riba tabbatacciya, ga gaggawa, ga kawo wani a ƙara miki. Asusu na gaskiya ba ya alkawarin riba. A takardunsa ma yakan rubuta cewa abin da aka samu a baya ba lamuni ba ne ga na gaba.

A yankinmu akwai hanya ta doka. Kasuwar hannun jari ta ƙasashe takwas masu sefa na Afirka ta Yamma, wato BRVM, tana Abijan, ta fara aiki a 1998, kuma bankin BOA na Nijar yana cikin kamfanonin da ake sayar da hannun jarinsu a can. Ba a saye sai ta hannun dillalai masu lasisi da ake kira SGI, kuma hukumar AMF-UMOA ce ke ba su izini tana sa musu ido. Dillali na gaskiya yana da ofis da za ki iya shiga, yana buɗe miki lissafi da sunanki ko na ƙungiya, yana ba ki takarda. Ba ya cewa ki tura kuɗi ga lambar wani mutum. Batun halasci kuma, tun da wasu kamfanonin suna harka da kuɗin ruwa, ki kai wa malamin da kika yarda da shi kafin ki zuba ko dala ɗaya.

Abin da muka yanke

Sati ya zagayo na kai musu wannan bayani. Ban ce jarin magani haramun ne ko ƙarya ne ba. Akwai waɗanda suka zuba ta hanyar doka, suka manta da kuɗin shekara goma sha biyar, suka samu. Amma wannan kuɗin da mutum ba ya bukata ne. Namu kuwa kowace tamma da sunanta: ta kayan lakwal, ta awon ciki, ta jarin ƙosai, ta sallah. Wata tara ya rage mu yi rabo, kuma babu mai iya cewa ina layin zai kasance ranar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa, mu kuwa ruwan namu bai kai na zubarwa ba.

Inna ta ɓata rai. Ta ce, "Wato ɗana ɓarawo ne?" Na durƙusa gabanta na ce, "Wallahi Inna ban faɗa ba. Yaron kirki ne, so yake ya ga kin huta. Tsorona kada shi ma a cuce shi, ya rasa kuɗinsa ya rasa fuskar shigowa unguwa." Ma'ajiyarmu ta kawo shawara mai kyau: a rubuta tambayoyin nan a aika masa ya kai wa mutumin, tare da neman sunan ofishinsa da lambar lasisinsa. In ya amsa, a sake zama. Aka ɗaga hannu, kowa ta yarda, har Inna. Akwati ya koma da kwaɗonsa uku.

Yau sati uku kenan. Mutumin ya aiko da wani hoton, ya ce ƙofa ta kusa rufewa. Sunan ofis da lasisi har yanzu muna jira. Yaron ya kira ni da kansa, ya ce, "Anti, ni na riga na ba shi jika 40." Na ce ya nemi a mayar masa ko rabi, ya ga abin da za a ce. Ku taya shi da addu'a.

Ga aikin gida. Kowace ƙungiya ta ɗauko tsofaffin kayenta, sakatariya ta rubuta farashin hannu na kowace ranar rabo, shekara bayan shekara. Ku ja layin a ƙasa da tsinke kowa ta gani. Inda ya sauka, ku tuna abin da ya faru a shekarar: korona ce, rufe kamfani ne, rufe iyaka ne, ko bashi ne aka ba wadda ba ta dace ba? Wadda ta karanta layin asusunta sau ɗaya, ta san abin da za ta tambaya in an nuna mata na wasu. Ku aiko mini da abin da kuka gano ta hannun mai raba takarda, zan kawo wasu a fitowa ta gaba tare da zancen bashin da na yi alkawari.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mu da asara. A gaida mutan gida. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Shugabar ƙungiyar asusu, unguwar Bukoki, Arlit